Shirun Ɗakin Gawa

Akwai hali guda da na tsana a ɗan Adam, shi ne son a yaba. Ba malalaci yake kamawa ba, gwani yake kamawa, ya toshe masa kunne har ya ji gaskiya ya ce iska ce. Shi ya kama Warwick Pender, ga kuma yadda ta kaya da shi.

Warwick ya daɗe yana aiki a wani filin shaƙatawa na kusa da teku. Sauran watannin shekara mai ɗaure noti ne a lilo da jirgin yara, ba wanda ya san da zamansa. Amma da Oktoba ta kama, zafi ya fara shigowa a ƙasarsu, aka rataye kabewa a ƙofa don bikin tsoro na Halowin, sai ya zama mutum. Shi ke riƙe da Tsohon Asibiti, ɗaya daga gidajen tsoro da ake kafawa a rumfunan kwano na bayan fili, inda mutane ke shiga da ƙafarsu a razana su, su fito suna dariya. A ƙarshen wata, manaja kan zaga ya zaɓi gidan da ya fi, a ba mai shi kofi, a kuma damƙa masa tsara gidajen baɗi duka. Shekara da shekaru Warwick na zuwa na biyu. Bana ya yi rantsuwa.

Gwanintarsa a kunne take. Akwai wani siririn lungu a bayan bangon katako da ya zagaye ɗakunan, nan yake tsayawa cikin duhu da oba-obarsa, ba ya ganin kowa, amma ya san komai. In aka shigo da ayari, zai ji ihu a wurin karɓar baƙi, ya ji a ɗakin tiyata, ya ji a ɗakin yara, sannan babban ihun da ke girgiza kwano, na ɗakin gawa. Daga ihun kaɗai yakan gane wanda ya makara da wanda ya gaji.

Ɗakin gawa shi ne abin taƙamarsa. Gadajen ƙarfe ne a jere, kowanne da gawar roba lulluɓe da farin zane. Ɗaya ce kawai ba roba ba. Tahlia ce, 'yarsa, wadda ta girma wurin uwarta a garin Toowoomba bayan rabuwarsu, sai bana ta yarda ta dawo wurinsa da zama. Aikinta ta kwanta ko motsi babu, har mutane su sakankance duk roba ne, sannan ta tashi zaune.

To, a sana'ar da kowa ke kururuwa yana faɗuwa cikin jinin ƙarya, ta yaya za a gane mai ciwon gaske? Shi ya sa aka kafa doka biyu. Ta farko, lokaci-lokaci a tsayar da layi, kowa ya cire fuskar roba ya sha ruwa. Ta biyu, mai gida ya bi lungu yana ƙwanƙwasa bango a bayan kowane ɗan wasa, shi kuma ya mayar. In ba a mayar ba, ba tambaya, a danna jan maɓalli, fitilu su kama ko'ina. Akwai maɓallin a lungu, akwai a ƙofar shiga. Sai dai gidan da aka haska ya mutu a ranar, don ba mai tsoron katako da fenti. Warwick kan yi alfahari cewa ba a taɓa haska gidansa ba.

Asabar ɗin ƙarshe ta zo da wani irin zafi mai ɗanko. Hadari ya haɗu tun azahar ya ƙi zuba. A ɗakin kwalliya Tahlia ta same shi, rabin fuskarta fari fat.

"Baba, fankar ɗakin gawa fa ta daina juyawa."

"Na gani. Gobe zan duba ta."

"Gobe an rufe, tsoho. Fuskar robar nan kamar an kifa mini tukunya, ga zane a kai, ga hayaƙi."

"Ke da uwarki ba ku da aiki sai ƙorafi. Ɗura ruwa kafin ki kwanta."

"Na ɗura. In na dahu dai, ka aika wa Mama ni da dankali a gefe."

Ya yi dariya, ya ja mata kunnen roba. "Yau manaja zai shigo. Ki tashi masa har ya kira sunan kakarsa."

"An gama, ranka ya daɗe," ta ce, ta sara masa kamar soja.

Rana na faɗuwa aka buɗe. Jemagu na ficewa daga itatuwa, layi kuwa ya miƙe har wurin masu sayar da tsiren biredi. Mai tsaron ƙofa Anti Mereana ce, wata dattijuwa mai jikoki da kowa ke kira Anti, har manaja. Ita ke ƙirga mutane ta tura su ayari-ayari. Gida ya ɗauki ihu yadda ya kamata, Warwick na lungu yana gyaɗa kai, gumi na bin bayansa.

Can oba-oba ta yi ƙara, Anti ce, mai kiransa Waza. "Waza, lokacin ruwa ya yi. In ja igiya?"

"Ina manaja?"

"Ga shi can a layi da baƙinsa, ya ƙi a wuce da shi gaba. Wai yana so ya ji abin da jama'a ke faɗi."

Warwick ya yi lissafi. In aka tsayar yanzu, manaja zai tsaya cikin zafi yana jin tsakin mutane, in kuma aka buɗe, 'yan wasa jikinsu ya yi sanyi.

"Bari ya wuce tukuna, Anti."

"Yaran nan a cikin tanda suke, ɗan nan."

"Ni ma a ciki nake. Turo."

Ta yi tsaki yadda zai ji, ta turo.

Ihu a wurin karɓar baƙi. Ihu a tiyata. Ihu a ɗakin yara. Warwick ya karkata kai yana jiran babban. Sai ya ji takun ƙafa, da 'yar dariyar wata mace, da buɗe ƙofar fita.

Nan take ya samo wa kansa dalili. Ta makara ne, sun wuce da sauri. Yakan faru.

Wani ayarin ya shigo. Ya riƙe numfashi tun daga ɗakin yara. Shiru. Sai nishin ƙarya da ke fita daga lasifika, da hucin injin hayaƙi.

Ya bi lungu da sauri, kafaɗarsa na gogar katako, har bayan gadon Tahlia. Ya ƙwanƙwasa. Ya kafa kunne a bango. Kiɗan gidan maƙwabta na dukan kwano, wani na kururuwa a tiyata. Ya sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi. Kamar ya ji wani abu. Ko bai ji ba? Wataƙila ta mayar, hayaniya ta cinye. Wataƙila fushi take don an hana ruwa, halin uwarta ke nan, ta yi maka shiru har ka gane kurenka. Ko kuma tana tara ƙarfi ne don manaja. I, haka ne ma, yarinya ce mai wayo.

Akwai 'yar huda a katakon, ya sa ido. Jan haske dishi-dishi, hayaƙi, fararen zannuwa a jere. Ga nata can, hannu ɗaya ya zubo gefen gado. Ai takan yi haka da gangan, shi da kansa ya koya mata. Ya zura wa zanen ido ko zai ga yana hawa yana sauka. Hayaƙi ya hana shi.

Jan maɓallin na nan daidai kafaɗarsa. Ya ɗora tafin hannu a kai. Sanyi gare shi, shi kaɗai ne abu mai sanyi a duk rumfar.

"Waza." Muryar Anti ta canja. "Wasu samari sun fito suna cewa ɗakin gawa ba komai sai roba. Ka ƙwanƙwasa wa Tahlia?"

"Na ƙwanƙwasa."

"Ta mayar?"

"Hutawa take. Ina manaja?"

"Shi ne a gaba. Tambayarka na yi, ta mayar?"

"Anti, ayari ɗaya. Ɗaya tak. Yana fita in tsayar da komai, in kai mata ruwa da hannuna. Turo shi."

Kafin Anti ta amsa, ya ji ƙofa ta buɗe. Manaja ya riga ya sa kai.

Ban san abin da ya wuce wannan tsayuwa tsawo a rayuwar Warwick ba. Hannunsa na kan maɓalli, idonsa na huda, bakinsa na motsi. Tashi, 'yar nan. Tashi mana. Ki tashi sau ɗaya, na yi alkawari. Ya ji manaja ya yi ihu a wurin karɓar baƙi, ya ji baƙinsa na ƙyaƙyata masa. Ko a wannan hali sai da wani abu a ƙirjinsa ya ji daɗi, kuma wannan jin daɗin shi ne abin da bai yafe wa kansa ba har yau. Suka shiga tiyata. Hannun da ya zubo bai motsa ba. Ya lura yatsun a sake suke, ba irin sakin da ya koya mata ba. Ya ce a ransa, in sun shiga ɗakin yara zan danna. Suka shiga ɗakin yara. Ya ce, ai saura kaɗan.

Sai duniya ta yi fari.

Ba shi ya danna ba. Anti Mereana ce daga ƙofa. Kiɗa ya ɗauke, hayaƙi ya tsaya, Tsohon Asibiti ya koma katako da fenti da igiyoyin lantarki. Ga manaja tsaye yana ƙifta ido, ga 'yan wasa na leƙowa da jinin ƙarya a haɓa. Anti ta ratso su da gudu, ita da ko sauri ba a taɓa ganin ta yi ba, tana faɗin, "Ku ba ni hanya! A kira motar asibiti!"

Warwick ya banke ƙofar lungu ya riga ta isa. Ya yaye zanen. Ya kama fuskar roba ya ja, gumin da ya taru a ciki ya zubo masa a hannu kamar an juye kofi. Fuskarta ta yi jawur a ƙarƙashin farin kwalli, jikinta zafi kamar murfin injin mota.

"Tahlia! Tali! Baba ne!"

Ko gezau.

"Matsa can," Anti ta ce, ta ture shi da gwiwar hannu, ta juya wurin 'yan wasa. "Kai, cire wannan banzar rigar likitan ka ɗebo ƙanƙara wurin mai lemo! Ke, jiƙo zanen nan!"

Aka fito da ita waje, aka jera mata ƙanƙara a wuya da hammata. Mutanen layi suka zagaye, wasu na ɗauka a waya, don sun zaci cikin wasan ne. Har wani ya tafa. Sai da motar asibiti ta shigo da jiniya sannan suka ja da baya.

Manaja ya tsaya gaban Warwick. Bai ɗaga murya ba. Oba-obar fili layi ɗaya ce, masu gadi da masu ba da agaji duk sun ji abin da aka faɗa, sun kuma riga sun gaya masa.

"Ka ƙwanƙwasa?"

"Na ƙwanƙwasa."

"Ta mayar?"

Warwick ya dubi takalminsa. A lokacin ne hadarin ya ga damar zubowa.

Yarinya ta rayu, kada hankalinku ya tashi. Likitoci sun ce ƙodarta ta taɓu, za ta daɗe tana jinya, kuma da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Ranar da ta farfaɗo sosai uwarta na gefen gado, ta taho daga Toowoomba, ko kallon Warwick ba ta yi ba. Shi yana tsaye bakin labule da ledar inabi a hannu.

Tahlia ta juyo da kai. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi.

"Baba, na ji ka fa."

"Kin ji me, 'yar nan?"

"Ƙwanƙwasarka. Duka biyun na ji. Na yi na yi in ɗaga hannu, ya ƙi. Sai na ce shi ke nan, Baba ya gane, yanzu fitila za ta kama." Ta dube shi. "Na yi ta jira."

Uwar ta tashi ta ja labule a fuskarsa.

To, ga abin da son a yaba ya ci wa Warwick Pender, ku ƙirga da ni. Kofin da ya yi wa rantsuwa, an ba mai gidan maƙwabta. Tsohon Asibiti an kwance shi, an ba wani rumfar. Aikin ɗaure notin da ya raina, shi ma an karɓe, don ba mai ba da amanar lilon yara ga wanda ya ji shiru ya ce a turo. Anti Mereana, da ta yi shekaru tana ajiye masa abincin rana, in ta hango shi a kanti sai ta sauya layi. 'Yarsa kuwa, wadda ya jira tun tana ƙarama ta dawo gare shi, daga asibiti Toowoomba aka wuce da ita. Ɗakinta na nan a gidansa yadda ta bar shi. Yakan buga mata waya ranar Lahadi, ta yi ta ƙara, ba a ɗauka.