Wayar da Ta Kwanta a Jikin Salansa

"Ba nan ba, Safiyanu. Bi wayar da yatsa har ƙasa, kada ka tsallake ko'ina."

Ina kwance ƙarƙashin motata, ƙasa na zubo mini a ido, Baba Gwadabe kuwa na jingine a ƙofar gidansa yana ba ni umarni. Shekara talatin yana gyaran wayoyin mota a Birnin Kudu, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi bai sake riƙe filaya ba. Da safiyar nan ya aiko matarsa, Inna Mairo, wai in kai shi garin Sara ya ga ƙanwarsa Mas'uda. Asibiti sun ce a dawo da shi gida, kowa ya san ma'anar hakan.

Ita kuwa motar ta jima tana gardama: baƙin hayaƙi, fizga, sai ta mutu a tsakiyar hanya. Sau biyu ina canza mata sansar nan ta jikin salansa, mai auna iskar hayaƙi, duk a banza.

"Ku direbobi haka kuke," ya ce yana haki. "Da wutar gargaɗi ta kama, sai Kano sayen sabuwar sansa. Wa ya duba waya?"

Da gaskiyarsa, don ni har baƙin salatif na manna a kan wutar kada ta dame ni.

Can yatsana ya taɓa wuri mai kaushi. Wayar ta kwanta a jikin salansa, robarta ta narke, tagullar na gogar ƙarfe.

"Na samu, Baba."

"Alhamdu lillahi. Yanke, ka haɗa, ka naɗe. Ɗaure ta nesa da zafi."

Bayan azahar muka kama hanyar Gwaram, yana kwance a baya, kansa a cinyar Inna Mairo. Ko sau ɗaya motar ba ta fizga ba.

"Ka ji ta?" ya ce a hankali. "Aikinka ya yi, maƙwabcina."

Iyakar yabon da ya taɓa yi mini ke nan, kuma wallahi har yau faɗansa nake kewa.

Saura kaɗan mu shiga Sara na ji Inna Mairo tana salati ƙasa-ƙasa, tana maimaita inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban waiwaya ba, ban kuma rage gudu ba.

Mas'uda na tsaye a ƙofar gida. Ta share wurin, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwar darbejiya. Da ta hango mu sai ta fara murmushi, tana gyara mayafinta.