Ruwan Gonar Tsoho Kuang

Tun da damina ta raba, Tsoho Kuang ya rasa sukuni. Ya zauna, ya tashi, ya zaga gona, ya dawo ya bar shayinsa ya huce. Gubar tsohuwar ma'aikatar narka ƙarfe ta daɗe da shiga ƙasar ƙauyensu, har 'yarsa da ke birnin Changsha ta hana jikarsa cin shinkafar gida. Wannan abu yana ci masa rai.

Bana Malama Shu ta ofishin gona ta zuba masa wani ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a gonar. Ta ce ƙwayoyin halitta ne, za su ɗaure gubar a cikin laka.

"Amma Kawu, kada ka janye ruwan. In suka sha iska, aikin ya lalace."

To fa, ga inda gizo ke saƙar. Kowa a ƙauyen yakan fasa kunyar gonarsa a tsakiyar damina ruwa ya fita, ƙasa ta sha rana ta tsage, saiwa ta yi ƙarfi. Haka ubansa ya yi. Gonakin maƙwabta duk sun bushe, tasa kaɗai ke kwance cikin ruwa kamar ta rago. Ya sha ɗaukar fartanya ya nufi kunyar, sai ya cije ya juyo.

Ana cikin haka bayansa ya ƙage, aka kwantar da shi asibitin gunduma. Ranar da aka sallame shi ko gida bai shiga ba, ya ɗingisa sai gona. Ya tarar da ita a bushe ƙayau, ta tsattsage, shinkafa tsaye cak gwanin sha'awa.

Maƙwabcinsa Yi, abokinsa tun ƙuruciya, ya taho yana washe baki.

"Kai tsohon banza, da ba don na fasa maka kunyar ba da shinkafarka ta kwanta. Na ce ina raye ba za a yi maka dariya ba. Ina tukwicina?"

Kuang ya buɗe baki zai zage shi, sai ya fasa. Da Yi ne a kwance, shi ma abin da zai yi ke nan.

Malama Shu ta zo ta murza ƙasar a tafinta.

"Shinkafar bana kada kowa ya ci, Kawu. Sai mu sake baɗi."

Kuang ya gyaɗa kai, ya dafa bayansa. Ita yarinya ce, baɗi a wurinta gobe ne.