Kwalaye Bakwai na Baba

Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi a kan kalmar Turanci guda ɗaya, *drive*. Ɗaya tak! Mama ta sha cewa da noma ya yi a shekarun nan da har maƙwabta sun ƙoshi. Tun da ya bar koyarwa ya tare a ƙaramin ɗakin baya da tsofaffin littattafai. Duk inda ya ci karo da kalmar sai ya kwafe jimlar a kan kati, ya soka a kwalin takalmi. Kwali bakwai ya cika.

"A da, Uwata, kora take nufi," yakan ce mini ina bisa keken ɗinki, ko na tambaya ko ban tambaya ba. "Makiyayi ya kora shanu. Daga nan aka kora dokin da ke jan amalanke. Da mota ta zo, ba doki ba saniya, amma kalmar ta haye ta zauna."

Littafin da yake burin rubutawa ke nan, yadda ma'anar ta yi tafiya taki-taki. Abin da ban sani ba shi ne, Baba bai taɓa sa shekara ko sunan littafi a kan kati ba. Jimlar da ta girmi wata tana gabanta a cikin kwali, shi ke nan. Jerin shi ne aikin.

Ranar da aka yi masa aikin ido, Mama na asibiti tare da shi, aka kece da ruwa tun hantsi. Da na leƙa ɗakin baya, rufin na yoyo daidai kan kwalayen. Hankalina ya tashi. Na juye su kaf a tsakar falo, na ja igiyoyi daga taga zuwa ƙofa, na shanya katunan kamar kayan jarirai. Kwana biyu ina bin su da dutsen guga, ɗaya bayan ɗaya. Ko guda bai lalace ba. Na samo sababbin kwalaye na jera su tsaf, ina jin kaina kamar wadda ta ceto gari.

Aikin idon bai yi ba. Likita ya ce sai haƙuri.

Baba bai yi kuka ba, Mama ce ta yi. Washegarin dawowarsa ya sa na kai shi kujerarsa.

"Ke ce idona yanzu, Uwata. Ɗauko kwali na farko. Ki karanto a jere, ni in faɗa, ke ki rubuta. Kafin shekara mun gama."

Na zaro katin farko na karanta. Wata mata ce ta tuƙa mota zuwa filin jirgi.

"Wannan ai na kwali na bakwai ne. Na bayansa fa?"

Wani sarki ne ya kori abokan gaba zuwa bakin teku. Na bayansa kuma injin niƙa.

Ya juyo da fuskarsa wajena. Na faɗa masa komai, ruwan, igiyoyin, sababbin kwalayen. Tun kafin in kai ƙarshe na gane abin da na aikata.

"Ba komai," ya ce, har da ɗan murmushi. "Da sauran dabara. Duk inda zamani ya canza nakan lanƙwasa kunnen kati. Ɗaya, biyu, wani har uku. Wannan ba ya bukatar ido. Miƙo mini."

Na ɗora kwalin a cinyarsa. Ya zaro kati ya shafa kusurwoyinsa huɗu da babban yatsa. Ya ajiye, ya zaro wani. Ya ɗebo da yawa a hannu yana bi da sauri, sannan a hankali. Duk sumul suke, kamar yau aka yanko su.

"Uwata," ya ce, "guga kika yi musu?"

"E, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya mayar da katunan, ya lalubo murfin ya rufe, ya ce in kai shi ya kwanta.