Bel ɗin Barau

"Kwance man shi, Tamu, kahin Delu ta shigo," in ji Barau, yana ɗaga riga, yana leƙen ko matar tasa na tafe.

Tamu ya kwance bel ɗin ya riƙe shi nesa da jikinsa. Wata 'yar na'ura ce maƙale a jiki, ba ta fi kwalin ashana ba. Tun ranar da Shafa'atu, mai gashin ƙashi da ke zuwa daga Aliero duk mako, ta ɗaura wa maƙwabcinsa ita, Tamu bai yarda da ita ba. Wai tana auna tafiyar mutum, ta gane ko yana tangaɗi. Wa take kai wa labarin? Su wa suka saye ta, kuma me suke nema a ƙugun tsoho manomin albasa a Jiga Birni?

Abin da ya fi damun Barau shi ne maganar da Shafa'atu ta yi a fili: in na'urar ta nuna jirin bai ragu ba, za a kwantar da shi a asibiti a Birnin Kebbi. Tun da hawan jini ya kayar da shi, babu abin da yake tsoro kamar mutuwa a gadon ƙarfe cikin baƙi.

"Kai ka ɗaura ta," ya ce. "Ƙahwahunka lahiya lau suke. Ta ji tahiyakka, ta ce tawa ta."

Tamu ya ji daɗin dabarar, har da 'yar dariya. Ga taimakon aboki, ga kunyata 'yar leƙen asiri. Kullum da safe sai ya ɗaura ta ƙarƙashin riga ya tafi fadama ban-ruwa, ranar zuwan Shafa'atu ya mayar da ita ƙugun mai ita. In ta ce Barau ya tashi ya taka ta gani, sai ya ce yanzu ya dawo daga yawo, ya gaji.

"Baba, ka ba ni mamaki," ta ce rannan, tana duba wayarta. "In haka ta ci gaba, ka kusa aje sanda."

Abin da Tamu bai zata ba shi ne Barau ya gaskata yabon. Ya riƙa faɗa wa masu zuwa gaisuwa cewa ko na'urar Turawa ta shaide shi. Delu ta daina bin sa da buta. Tamu ya ja shi gefe ya ce, "Barau, ka hwa san tahiyaw wa anka yaba."

"Hassada kaka yi," in ji Barau.

Da aka fara cirar albasa, ya jingine sandar a zaure ya nufi gonarsa. A bakin magudanar ruwa aka tsince shi, kansa ya bugu da bututun injin ban-ruwa. Bai ƙara magana ba, washegari da asuba ya cika a ɗakinsa.

Tamu ya rasa inda zai ɓoye bel ɗin, don haka ya bar shi a jikinsa. Da shi ya yi sallar gawa, da shi ya ɗauki makara, bai yarda kowa ya karɓe shi ba har maƙabarta.

Da la'asar Shafa'atu ta iso ta tarar da tabarmin zaman makoki. Ta shiga ta yi wa Delu ta'aziyya, ta fito idanunta jajur, ta ce masu wanka ba su ga na'urar ba. Tamu ya kira ta cikin zaure, ya juya baya ya kwance, ya miƙa mata.

"Cikin ɗakinai nit tsince ta," ya ce.

Ta haɗa ta da waya kamar yadda ta saba, ta daɗe tana kallo.

"Baba Tamu, wagga ta yi tahiya yau da hantsi. A hankali, kahwaɗa guda ta karkace, kamar mai ɗauke da kaya."

Ta sa yatsa tana komawa baya cikin bayanan tafiyar, mako bayan mako, ba ta ɗago kai ba. Can ta kashe wayar, ta shiga naɗe bel ɗin. Jiƙe yake da gumi, da sauran ɗumin jikin Tamu, sai ta tsaya da shi a hannu ba ta sa a jaka ba.