Ruwan Baƙi a Ƙofar Dutse

...kuma su faɗi abin da za su faɗa, Mama, yau sai na hau. Ba roƙo na zo yi ba. Da takardar ofis na zo, da hatimi a kanta, sunana na uku a jeri: Alisabatu Ɗanladi, ma'aikaciyar gwamnati. Wanda ya iya karatu ya karanta.

Kwana huɗu ke nan muna gararamba a cikin Fijo mai warin fetur. Sabuwar jiha, wai sai an tattara wuraren tarihinta a littafi ɗaya. Mun je Lau, mun tsaya bakin kogi, daraktanmu Malam Hashim yana nuna tsofaffin gine-gine da sanda kamar shi ya aza tubalinsu. Mun je Kona. Mun je Mutum Biyu, garin mijina, ko gidan surukai ban leƙa ba... hankalina na nan. Ni na sa ƙauyenmu a jerin, ni, da birona. Malam Hashim ya ce me ke can? Na ce tsohon gari ne a kan dutse, da ganuwarsa, da ramukan niƙa a jikin falalen dutse, tun zamanin da kakanninmu ke gudun mahara. Ya ce madalla. Ban gaya masa kabarinki na can ba.

Ga ƙofar. Duwatsu biyu ne kawai, jingine da juna, ko akuya sai ta sunkuya—amma su suka tsare ni shekara uku.

Wai 'yar gida da ta yi aure waje ba ta wuce nan. Wai za ta kwashe albarkar gari a tafin ƙafa ta kai wa dangin miji. Albarka! Wace albarka? Ta rijiyar da ke ƙafewa tun kafin Kirsimeti? Amma baƙo—oho, baƙo ya wuce abinsa. A zuba masa ruwa a ƙafa daga ƙwarya, shi ke nan, wai baƙo makaho ne, ba ya ɗaukar komai. Dubi Furera, mai buga mana takardu, da takalminta mai tsini, tana tambaya ko akwai macizai. Ita za ta taka ƙasar da kike kwance. Ni da na sha nononki...

Kwana shida saƙon rasuwarki ya yi a aljihun direba. Shida! Ina gida a unguwar Turaki, can Jalingo, ina wankin kayan yara, ina waƙa ma, Allah ya sani ina waƙa, ke kuwa an riga an haura da ke. Na iso da zani a karkace, takalmi ɗaya. Nan wurin na durƙusa. Kawu Jonah, ƙaninki, mai tsaron ƙofar, ya tsaya kamar kututture ya ce, 'yata, kin san doka. Na sani mana! Na ce minti biyar, Kawu, in ga tudun ƙasar kawai. Ya juya mini ƙeya. Dattijon ikilisiya ne fa, shi ke karanta Zabura ran Lahadi, amma doka doka ce.

To yau ma ga shi nan. Ya rame. Ƙwaryar ruwan tana hannunsa.

Na shirya masa magana, tun daga Jalingo nake bitarta. Zan ce, Kawu, ni ce Alisabatu 'yar Cecilia, jikar wannan dutse, kuma zan hau a matsayin 'yar gida, ba da ruwanka ba. Ka kira matasa su ɗauke ni in sun isa, a gaban darakta, a gaban mai ɗaukar hoto. Cewa suke kowa ya bar gida, gida ya bar shi—ƙarya ne, ban bar kowa ba! Wa ke aiko da gishiri da sabulu duk wata? Wa ya kwana da ke a asibiti sati uku, a kan tabarma, sauro na cin ƙafata? A lokacin ba wanda ya ce zan kwashe albarka.

Malam Hashim ya cire takalmi. Ruwa. Ya wuce yana dariya. Mai hoto... ruwa. Furera tana tsalle, wai sanyi.

Saura ni. Ba zan cire takalmi ba. Ba zan—

Ya ɗago kai. Ya gan ni, Mama. Kada wani ya ce bai gane ni ba, mutumin da ya goya ni a kafaɗa muka haye rafi ranar da ruwa ya ci gada, mutumin da ya cire mini ƙaya da allurarki. Idonsa ya tsaya a kan tabon goshina. Na buɗe baki.

"Sannu da zuwa, baƙuwa."

Da Hausa. Tunda aka haife ni bai taɓa yi mini Hausa ba, sai yarenmu.

Ruwan ya sauka a kan takalmin, ya shiga tsakanin yatsuna. Ina maganar da na shirya? Ina ta tafi? Ƙafafuna suna tafiya, ban aike su ba, na sunkuya, kafaɗata ta goga dutsen... na wuce. Haka kawai? Ba ihu, ba sanda? Shekara uku ina wasa wuƙa, ashe ba abin yankawa.

Taimakona ya yi, ko yafe ni ya yi wa duniya? Kawu, wanne ne? A'a, ba zan gode ba. Wallahi ba zan gode ba.

Hawa. Numfashi. Hanyar ta fi yadda na tuna tsayi—ina yarinya a guje nake hawanta, kina bayana da tulu kina cewa a hankali, mara ji. Ga tsamiyar. Ga ramukan niƙa cike da ruwan sama. Malam Hashim yana kira, Misis Ɗanladi, rubuta, rubuta, faɗin ganuwa taku huɗu. Ya rubuta da kansa. Na bi ta hagu, bayan ganuwa, inda ake kwantar da tsofaffi.

Mama...

Sun fi arba'in. Tarin duwatsu, tarin duwatsu, kowanne da tukunya a kife, ciyawa ta rufe su duka daidai wa daida. Ba suna, ba gicciye, ba komai. Mu ba ma rubutawa, na manta, mu sani muke yi. Wanda ya ɗauki gawa shi ke nuna wa na baya. Wannan? Duwatsunsa sun yi sabo-sabo... a'a, wancan ma haka. Ki yi mini alama mana. Ke da ko a kasuwa kike tarinki nake ganewa.

Takun ƙafa a bayana. Sanda. Shi ne, ya biyo ni, yana haki, ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ake tsaya wa baƙo. Ya sani. Da hannunsa ya kife tukunyar. Kalma uku ce kawai—ina kabarin uwata—amma in na furta, na zama 'yar gida a gaban kowa, dole ya saukar da ni kafin ya ɗaga yatsa. In na yi shiru kuma, baƙuwa ba ta da kowa a nan da za a nuna mata.

Yana kallon ƙasa. Ina kallon sandarsa, ko za ta karkata, ko kaɗan, ko da kuskure...

Ƙafata har yanzu a jiƙe take, Mama. Ban san gaban wa nake tsaye ba.