Kanar da Kwalbar Manja

Ranar Litinin ce, an kwana ana ruwa a Kafanchan, da Meshak ya lura karensa Kanar yana dalalar da miyau ta gefen hagu kaɗai. Gefen dama kuwa a bushe yake ƙayau.

"Guba aka ba shi," in ji matarsa Afiniki. Ta ɗauko kwalbar manjan da ta ajiye don girkin zumuntar mata ta coci, wai maganin guba ne. Meshak ya danne kare, ita ta ɗura. Rabi ya shiga Kanar, rabi ya sauka a rigar Meshak. Miyau bai tsaya ba, sai dai ya koma ja.

Can sai ga Asher maƙwabcinsu ya leƙo ta katanga. Duk unguwa an san shi da farfesun kare.

"Maƙwabci, wannan hauka ne. Daga gefe ɗaya yake farawa, kamar yoyon ɗaki. Ba ni shi in rage maka wahala."

"Me za ka yi da mahaukacin kare?" in ji Meshak.

"Ai wuta ba ta barin komai."

Afiniki ta ja yaranta baya. "Baban Joanna, in bai daina ba zuwa yamma, a bar wa Asher shi. Da yara a gidan nan."

Meshak ya dubi Kanar, wanda ke gadin gonar cittarsa tun yana ɗan kwikwiyo. Ya zura shi cikin buhu, kai a waje, ya ɗaure a bayan mashin, sai wurin likitan dabbobi.

Dokta Catherine ta sa safar hannu. Ta tambaya ko yana tangaɗi, ko ya ciji wani, ko an yi masa rigakafi. Ta yi masa allurar barci, ta buɗe bakin. Sai ga tsinken ƙashi ya maƙale kusa da wani turmin haƙori da ya tsage. Ta cire duka biyun.

"Miyau ta gefe ɗaya, yawanci matsalar a baki take: haƙori, ƙashi ko gyambo. In ya wuce yini, ko ya ƙi abinci, ko fuska ta karkace, ku kawo shi. Kuma kada ku ƙara kai hannu bakinsa, da hauka ne da yanzu ku ma kuna layin allura." Ta shinshina jan gashin wuyan Kanar. "Baba, wa ya fara soya shi?"

Kafin yamma Kanar ya koma gida yana lasar kunu.

Asarar da aka yi: manja kwalba ɗaya, riga ɗaya, haƙori ɗaya, sai gaisuwar Asher, wadda har yau ba ta dawo ba.