Ƙuri'ar Baba Tobias

Ina cikin tankaɗe Mama Godiya ta leƙo ta kan katanga ta ce in bar komai in zo, tsohonta ya tsiro da wata sabuwa. Na shiga da gari a hannu, na tarar da Baba Tobias jingine da filo yana lasar bakin ambulan.

Maƙwabcinmu ne a Nukkai tun kafin a haife ni, tsohon malamin firamare. Tun faɗuwar damina ciwo ya kwantar da shi, ƙafafu suka kumbura, numfashi sai da dabara. Likita ya riga ya gaya wa Mama Godiya gaskiya a bayan ƙofa. Shi kuwa Baba ba mutuwa ce ta dame shi ba, zaɓen kansila ne da za a yi ran Asabar.

Keziah ce ta jawo, 'yarsu mai aikin jinya a Amurka. Ta bugo gaisuwa, cikin hira ta ce ita ta riga ta yi nata zaɓen, na magajin gari da na masu kula da makarantun yankinsu, tana zaune a kicin ɗinta. Takarda aka aiko mata, ta cike, ta jefa a akwatin gidan waya. Baba yana ajiye waya ya sa aka ba shi takarda da biro, ya rubuta sunan gwaninsa, ya liƙe.

"Aisatu, kai wannan gidan waya," in ji shi. "Kar ki buɗe. Ko matata bai sani ba."

Masu takarar biyu, Elijah da Abdulmumin, duk ɗalibansa ne, duk sun sha bulalarsa. Kowanne ya yi alkawarin rufa ajin da iska ta yaye a makarantar da Baba ya ƙare ƙuruciyarsa. Kowanne ya zo dubiya, ɗaya da lemo, ɗaya da zabi. Baba ya karɓa, ya sa musu albarka iri ɗaya, bayan sun fita ya ce ya san wanda ya fi iya ƙarya tun suna aji uku.

A gidan waya, ma'aikaciyar wurin ta juya ambulan ɗin ta karanta adireshi: Ga Masu Zaɓe, Jalingo. Ta danne dariya ta ce kan sarki dai za ta iya sayar mini, amma a nan ba a ƙirga ƙuri'ar da ta zo a wasiƙa, sai mutum ya je da ƙafarsa da katinsa.

Na dawo, Mama Godiya ta tare ni a ƙofa ta ce in ce masa wasiƙar ta tafi, hankalinsa ya kwanta. Na faɗa kuwa. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya tambayi hoton me ke jikin kan sarkin. Na ce doki. Ya miƙo hannu kawai. Haka na ciro ambulan daga cikin mayafi na ba shi. Ya yayyaga, ya ce a goge masa farar rigarsa ta coci.

Ran zaɓe babu keke babu mashin a titi. Mahadi mai ruwa muka roƙa, ya sauke jarkokinsa, muka shimfiɗa katifa a cikin kura, maza suka ɗauko Baba suka ɗora. Mahadi na turawa, ni ina riƙe da lema, Mama Godiya na biye tana mita tana cewa in ya mutu a hanya ita ba ruwanta. Baba yana ɗaga wa mutane hannu dama da hagu sai ka ce gwamna.

Rumfar zaɓen a makarantarsa take. Masu layi suka dare don ya wuce, ya ƙi. Wai shi da ya doki rabin mutanen nan saboda tsallake layi, ba zai fara yau ba.

"Tobias," in ji Mama Godiya, "rana zai kashe ka, kuma zai kashe ni."

Sannan ya yarda. Da muka zo daidai ajin da babu rufi ya ce Mahadi ya tsaya. Ya daɗe yana kallon allon da ruwa ya wanke.

Ma'aikaciyar zaɓe ta duba katinsa, ta kawo masa takarda har cikin kura. Ya ce kowa ya juya baya, har ɗan sanda. Muka juya. Ba abin da muke ji sai numfashinsa da ƙarar takarda. Da kansa ya naɗe, aka matso da akwati, ya saka.

Ran Litinin da la'asar ya sha kunu rabin kofi, ya ce a buɗe taga. Kafin Mama Godiya ta juyo ya cika.

Da yamma gida ya cika da 'yan coci da mu maƙwabta. Elijah, wanda aka ce ya ci, ya durƙusa ya raɗa wa Mama Godiya cewa ya san shi Baba ya zaɓa. Jim kaɗan Abdulmumin ya zo ya raɗa mata haka nan. Ta ce wa kowanne ƙwarai kuwa. Da suka tafi ta jawo ni tana share hawaye ta ce yadda hannunsa ke rawa ran nan, tana jin dukansu ya dangwala wa.

Ranar jana'iza, kafin a rufe akwati, ta ga tawadar zaɓe na nan a babban yatsansa. Ta aike ni in kawo kananzir da tsumma. Na kawo. Ta ɗago hannun ta riƙe, ta jima tana duban yatsan. Sai ta ajiye tsumman a gefe, ta mayar da hannun kan ƙirjinsa, ta gyara masa wuyan riga.